Sai Tanko Ya Dawo

A unguwar Nakkasa ta Makka na girma, a wani gida da ke maƙale a jikin dutse. Tsakanin magariba da lisha kakarmu Hajiya Dije takan hura gawayi a saman soro ta ɗora shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take kira angonta, ni kuma ta fi yi wa faɗa, don Larabci ya cinye rabin Hausata.

Tatsuniyoyinta ba iyaka, amma akwai labari ɗaya da ba ta fara shi da "ga ta nan", na kakanta Tanko maƙeri. Ya baro ƙauyensu da ƙafa zai zo hajji, ya ce wa ƙanensa ya riƙe masa maƙera kafin ya dawo. Ya shekara bakwai a hanya, yana ƙera fartanya a Chadi da Sudan don ya sami guzuri. Ya iso Makka, ya yi aure, ya zauna. Bai koma ba, bai kuma sami wanda zai aika gida ba.

"Angona, mene ne sunan garin?"

"Samiya, ya Sitti."

"Samiya matar wa? Tsamiya! Tsamiyar Maƙera. Matse harshenka, ya walad, ko in fasa auren."

Mu yi ta dariya, ita ma ta yi. Sannan ta ce, "Duk wanda ya gamu da mutanen can, ya gaya musu Tanko ya iso."

Ta rasu ina ƙarami, daga baya aka rushe unguwar. Da na tashi neman asalinmu, sai na sami wata tsohuwar takarda ta Larabci, an rubuta garin "Samiya", tunda Larabci ba shi da harafin "tsa". Na gaskata takarda, na manta gyaran kakata. Shekara da shekaru ina tambayar alhazai a shagona na unguwar Misfala, babu wanda ya san wani gari Samiya.

Wata rana wata hajiya ta shigo ta ce, "Ɗana, kana da tsamiyar kunu?" Wallahi kamar Hajiya Dije ce ta ja min kunne.

Na koma tambaya da sunan daidai. A hajji na uku aka kawo min wani dattijo ɗan garin. Da na ambaci Tanko sai ya riƙe baki.

"A garinmu in abu ba zai yiwu ba, cewa ake sai Tanko ya dawo. Mun ɗauka a hanya ya rasu."

"Baba, ya iso," na ce. "Ya yi hajjinsa. Ni jininsa ne."

Ya rungume ni, muka yi kuka a gaban masu sayayya, ban ji kunya ba. A da na ɗauka tsokanata kawai kakata take yi, ashe saƙo take ɗora wa harshena. Yanzu kowace yamma nakan zaunar da 'yata in tambaye ta sunan garin. Jiya ta ce "Samiya", na ce ta matse harshenta.