Abin da Goggo Ta Gani a Tallan Ɗan Jirgi

Shekara goma sha ɗaya Goggo ta yi tana goge daɓe a wani babban kantin kayan wasan yara. Kowa Goggo yake ce mata, har manajan da ya girme ta. Takan fara daga layin 'yan tsana, ta ƙare a layin motoci. A saman kanta akwai talabijin da ke maimaita talla ɗaya tun safe har yamma: ɗan jirgin ƙasa ja yana zagaya dogo, yaro na tafi, uwarsa na murmushi, sai wata murya mai sanyi ta ce, "Yarinta ba ta jira. Faranta masa yau."

Goggo ba ta samu karatu tana ƙarama ba, domin ita ce babba a ɗakinsu, ita ta goyi ƙanne biyar. Sai da autarta ta shiga jami'a sannan ta shiga ajin manya na ranar Asabar. Wata rana malamarsu ta ce kowa ya zaɓi talla, ya tsaya gaban aji minti biyar ya bayyana dabarar da aka yi don jan hankalin mutane.

Goggo ta rasa ta inda za ta fara. Da ta koma gida ta gaya wa autarta, Auta ta yi dariya ta ce, "Haba Mama, ke da ko cikin barci kina iya rera tallan jirgin nan?" Ta buɗe littafi tana karanto mata manyan kalmomi.

"Waɗannan sun fi ƙarfin bakina," in ji Goggo. "Bari dai in duba da idona."

Mako guda ta yi tana jingina da sandar goge-goge tana kallon abin da a da jinsa kawai take yi.

Ranar Asabar ta miƙe gaban aji da takarda a hannunta. Ta dube ta sau ɗaya, sai ta ninke ta.

"Jirgin nan," ta ce, "a talabijin kamar ka shiga ka zauna. A kwali kuwa bai wuce tafin hannuna ba, ni nake goge masa ƙura. Daga ƙasa suka ɗauke shi, daidai idon yaro. Kuma ba a taɓa nuna yaron shi kaɗai. Kullum uwar na gefe, kuma ita yake kallo, ba jirgin ba."

Ta dubi 'yan ajin, ta ci gaba.

"Na lura yara ba sa tsayawa su ga ƙarshensa, da gudu suke wucewa wajen kayan. Iyaye ne ke tsayawa har muryar ta gama. To da wa ake magana? Kalmar 'yau' ɗin nan ita ce ƙugiyar. Ana ce maka in ka bari gobe, yaron ya girma, ka makara. Na ga wani uba da kayan aiki a jikinsa ya kalla sau uku, ya fita kansa a sunkuye, alhali 'yarsa na can tana ta murna da kwalin banza da na ba ta." Ta nuna kanta da yatsa. "Ni ma ya sha kama ni. Sai in tuna ban taɓa saya wa nawa irinsa ba, gabana ya faɗi."

Wani direba daga baya ya ɗaga hannu. "To Goggo, kada mu saya ke nan?"

"Saya mana, ɗan nan! So kake a sallame ni? Amma ka saya don yaron na so, ba don an tsorata ka ba."

Aka kwashe da dariya, aka yi tafi. Malama ta roƙe ta ta sake yi wa ajin safe mako mai zuwa.

A gida ta ba Auta labari duka, har da faɗuwar gaban. Auta ta matso kusa da ita.

"Mama, kin manta motar da kika yi mana da gwangwanin madara da murafun kwalba? Har dambe muka yi da Yaya a kanta."

"Wannan abar? Ai taya uku gare ta."

"Uku ne," in ji Auta, ta kwantar da kai a kafaɗarta. "Shi ya sa take zagaye, ba ta taɓa yin nisa."