Takardar sigari a akwatin makanike

Shekarun baya, a daminar da katangar gidanmu na Tudun Wada ta faɗi, tun maigidana bai je Makka ba, wani makaniken babur ya nemi auren 'yata ta biyu. Mutum mai kunya, ita ma tana sonsa. Ni kuwa a lokacin, in na ce na ga abu da idona, to magana ta ƙare.

Ina dawowa daga gidan suna na bi ta rumfarsa, sai na hango kwalayen sigari har uku cikin akwatin kayan aikinsa. Ban tambaye shi ba. Na iso gida na ce, "Malam, ba zan ba mashayi 'yata ba." Kafin Juma'a duk matan layinmu sun ji, daga bakina. Magabatansa suka zo, aka ba su haƙuri. Yarinya ta yi kukanta, bayan shekara ta auri wani.

Ana nan sai babur ɗin Malam ya rikice, irin mai hayaƙin nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Ya taka zai tayar, sai ya mayar masa da duka, har ƙafarsa ta kumbura. Makanikai biyu suka kasa. Dole aka kira wancan.

Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Ina leƙe daga zaure, ya buɗe gefen injin, ya ɗauko kwalin sigari. Ko kara ɗaya babu a ciki. Ya zare siririyar takardar, ya soka tsakanin wasu 'yan ƙarafa biyu, yana juya injin a hankali yana ɗan janta.

Malam ya ce, "Wannan kuma fa?"

"Baba, taimin ne. Inda takardar ta sulluɓe, nan wuta ke tashi. Taka tana tashi da wuri, shi ya sa yake dukanka. Ba takardar da ta kai wannan rashin kauri. Wurin mai tireda nake roƙo in ya sayar da na ciki."

Taku ɗaya babur ya tashi. Malam ya juyo ya dube ni. Na shige ɗaki.

Ƙafar da na zaga layi da ita na ɓata shi, wallahi ban iya ɗaga ta na je na wanke shi ba. Girman kai ya hana.

Malam ya rasu. Matan nan duk sun tafi da maganar yadda na faɗa musu. Saura ni, da 'yar tawa, da shi. Yana zaune a unguwar Kwangila da jikokinsa. Har yau in mun haɗu sai ya rusuna ya ce, "Inna, ina wuni?" Ni nake riga shi sunkuyar da kai.