Juma'a Shida Da Na Kasa Haƙuri Da Su

Edita, gaisuwa gare ka da masu karatu. Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin in rubuto, don ba abin alfahari ba ne, kuma ba zan kama sunan kowa ba. Lokacin da abin ya faru shekarata tara a Riyad, ina tuƙi a wani kamfanin rarraba kayan masarufi. Kamfanin ne kafil ɗina, wato da sunansa iƙamata, takardar izinin zamana, take, ranar da ya janye hannu zamana ya ƙare. Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya a unguwar Jaradiya. Matata da 'ya'yana uku da mahaifiyata suna Kaduna, duk da wannan sitiyari nake riƙe da su. A wurin aiki ba ka jin bakina, ko mudir, wato manajanmu, ya yi mini tsawa sai in ce tayyib, wato to, in wuce. Amma ranar Juma'a bayan la'asar wani mutum ne ni daban, don ni ne kocin 'yan Najeriya a wata 'yar gasa da baƙi mazauna garin suke shiryawa a tsakaninsu lokacin sanyi, mu da Sudanawa da Misirawa da 'yan Yaman, a wani fili mai ciyawar roba da ake haya a bayan unguwar Badi'a. Tun a gida ƙwallo ce cutata. Na daɗe ina kocin ƙungiyar unguwa, kuma an san ni da saurin fushi da murya kamar lasifikar masallaci.

Wata Juma'a muna wasa da Sudanawa, ɗaya da ɗaya, saura kaɗan a tashi, sai alƙalin wasa ya ba su fanareti. Wallahi har gobe ina cewa ɗan bayanmu ƙwallo ya taɓa, ba ƙafar mutum ba. Alƙalin wani Bamisire ne, malamin makaranta, siriri mai furfura a gefen kai, ba ruwansa da hayaniya. Ni dai ban san lokacin da na tsallaka layi ba. Na isa gare shi ina kumfar baki, Hausa da Larabci duk a cakuɗe, na caƙumi wuyan rigarsa na girgiza, da na sake shi ya yi baya ya faɗi zaune, usur ɗinsa ya yi gefe. Ya tashi ya karkaɗe wando, ya ɗaga mini jan kati. Abin da ya kamata ya tsorata ni shi ne shirun da filin ya yi, da wayoyin da na gani a ɗage ta kowane ɓangare. Amma ina! A gida sau nawa muka kori rafali har ya haura katanga, washegari dattawan unguwa su zauna a ce zafin wasa ne, a yi haƙuri, an wuce wurin. Da wannan tunanin na koma ɗaki ina cika baki.

Mataimakina a ƙungiyar, wani Bakatsine mai gyaran AC da muke ɗaki ɗaya, shi ya fara sauke ni daga bisa. Ya bari na gama surutuna, sannan ya ce Koci, wai kai a ina kake zaton kake? Ya ce a nan ƙasar ɗora hannu a jikin mutum ba wasa ba ne, balle ga hoton bidiyo yana yawo a wayoyi, idan Bamisiren nan ya taka ofishin shurɗa, wato 'yan sanda, ya nuna, to in fara haɗa jakata. Ya lissafo mini mutum biyu da ya sani waɗanda faɗan bakin titi ya mayar gida da kayan jikinsu kawai. Nan take shinkafar da ke gabana ma ture ta na yi.

Bayan kwana uku kwamitin gasar ya kira ni zama a wata istiraha a Badi'a, irin gidan shaƙatawar nan da ake haya. Mutum biyar ne a kan kafet, kowace ƙasa da wakilinta, sai alƙalin na biyar. Namu wani dattijon likita ne ɗan Zariya, ya fi shekara ashirin yana aiki a garin, kowa Baba Likita yake ce masa. An zuba shayi, ni ko taɓawa ban yi ba. Aka kunna bidiyon, aka karanta rahoton alƙali, aka tambaye ni ko ina da ja. Na ce sharrin shaiɗan ne. Alƙalin ya ce shi ya riga ya yanke shawarar kai ƙara, 'yan'uwansa ma sun ce kada ya bari. Baba Likita ya matsa kusa da shi, ya kama hannunsa, ya yi ta magana a hankali cikin Larabcin da ban kama rabinsa ba. Abin da na fahimta shi ne ya ce yaron nan yana da iyali a gida, a bar shi a wuyansa, shi ya tsaya masa. Da ƙyar mutumin ya yarda, amma da sharaɗi. Kwamiti ya dakatar da ni wasa shida, ba benci kaɗai ba, ko wurin ajiye motoci na filin kada a gan ni. Aka rubuta ta'ahhud, takardar alkawari ke nan, cewa idan na saɓa, alƙali yana da damar kai bidiyonsa inda ya ga dama, kwamiti kuma zai ba da shaida. Na sa hannu har da dangwala yatsa. Da muka fito Baba Likita ya ce mini, ƙanena, fuskata na jingina a kanka, ka rufa mini asiri. Na ce ranka ya daɗe, ko a mafarki ba za a gan ni a filin nan ba.

Juma'a huɗu na yi a ɗaki. Kai, ban taɓa sanin la'asar tana da tsawo haka ba. In kwanta, in tashi, in leƙa waya ko an turo sakamako. Abin haushin kuma, yaran sai ci suke yi ba ni, Bakatsine ya dawo yana tsokanata wai ashe ihuna ne yake rikita su. Ina dariya, amma abin yana cina a rai. A hankali tsoron nan ya fara sanyi. Na ce a zuciyata ai an yi sulhu, an sha shayi, manya sun sa baki, takarda kuma ta ganin ido ce, wa zai koma ya tono ta? Sai ga shi mun kai wasan ƙarshe, da Sudanawan nan dai, kuma na ji cewa Bamisiren ne zai busa. Duk na sani, ba wanda ya ruɗe ni. Ranar Alhamis na biya kasuwar Batha na sayi farar jallabiya da jan shimag, rawanin nan na 'yan ƙasa. Ranar Juma'a na bari 'yan ɗakinmu suka tafi, na shirya, na rufe baki da takunkumi, na hau tasi. Na shige cikin 'yan kallo a bayan wayar da ta kewaye filin, na harɗe hannu a baya kamar wani Balarabe da ya fito shan iska. Na yi wa kaina alkawarin kallo kawai zan yi.

Hali zanen dutse. Muna gaba da ci ɗaya, saura minti biyar, muka samu bugun kwana, sai na ga 'yan bayanmu duka sun kwashe sun tafi gaba, sun bar dogon ɗan gaban Sudanawa shi kaɗai a tsakiya. Kafin in ankara na fizge takunkumin na kwarara ihu da Hausa, ku koma baya, ku koma baya don ubanku! Jama'a, filin nan kaf ya juyo. Ga mutum cikin shigar Larabawa yana zagi da Hausar Kaduna. Sudanawan da ke gefena suka fashe da dariya suna nuna ni. Alƙali ya busa ya tsayar da wasa. Ya tako a hankali har bakin wayar, ya tsaya muna kallon juna, tsakaninmu bai fi taku biyu ba. Bai ɗaga murya ba. Ya yi mini sallama, ya ce marhaba ya kabtin, wato barka da zuwa koci, ya yafito sakataren kwamiti ya ɗauke ni hoto, ya juya ya ci gaba da wasansa. Ban san yadda na kai titi ba, daga baya ne na ji mun ci wasan, kwamiti kuma ya ƙwace kofin saboda ni.

Kwana tara na yi ina mutuwa a tsaye. Waya ta yi ƙara, gabana ya faɗi. Saƙo ya shigo, in kasa buɗewa sai na yi ta salati. In hango motar shurɗa a madubi, hankalina ya bar titi, rannan saura kaɗan in daki bayan wata mota a shataletale. Ko ƙwanƙwasa ƙofa aka yi sai in miƙe tsaye. Matata ta kira ta ce muryata ta canza, na ce mura ce. Na je na tare Baba Likita a wurin ajiye motocin asibitinsu, na durƙusa a kan kwalta. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce shi bakinsa ya ƙare, da wane ido zai sake kallon mutumin nan? Ya ce shekara ashirin bai taɓa tsaya wa wani ya ji kunya ba sai a kaina. Ya shiga mota ya bar ni a durƙushe.

Rana ta goma da safe ina lodin kaya mudir ya aiko kirana. Ya ce an kira kamfani daga ofishin 'yan sanda, ana nemana, shi ma an ce ya zo a matsayin wakilin kafil. Da muka isa aka zaunar da ni a wani benci na ƙarfe wajen awa biyu, ba abin da nake gani sai fuskar mahaifiyata ranar da za a ce mata ɗanta yana tsare. Da aka shigar da ni, jami'in ya juyo mini da allon kwamfuta. Na ga kaina da jijiyoyin wuya a tashe ina girgiza dattijo kamar mahaukaci. Ya ajiye takardar da na dangwala wa yatsa, da hotona cikin shimag, ya tambaya ko duk ni ne. Na ce ni ne. Alƙalin yana zaune a gefe. Ya ce ba faɗuwar ce ta fi yi masa ciwo ba, ɗalibansa sun ga bidiyon, har kwaikwayon faɗuwarsa suke yi a aji, ya haɗiye saboda girman likita, sai kuma na yi shiga na zo ina yi masa dariya a gaban jama'a. Na so in ce ba dariya na zo yi ba, amma kuka ya ci ƙarfina. Ana cikin haka Baba Likita ya shigo da rigar aikinsa, ashe Bakatsine ne ya kira shi. Ko kallona bai yi ba. Ya ce wa alƙalin ba don ni ya zo ba, don yara uku da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Alƙalin ya karɓi biro ya rubuta cewa ya yafe haƙƙinsa. Aka sa na sake sa hannu a wasu takardu, aka sallame ni kafin la'asar.

Na fito ina hamdala, na ɗauka an gama. A bakin mota mudir ya tsaya ya ce kamfani ba ya riƙe direban da har aka kira su ofishin shurɗa a kansa. Saura wata biyu iƙamata ta ƙare, ba za a sabunta ba, za a buga mini fita ta dindindin. Na roƙe shi da Allah da Annabi, na tuna masa shekara tara ko fitilar mota ban taɓa fasawa ba. Ya ce ya sani, shi ya sa ma ya ba ni wata biyun. Ya ce halas, wato shi ke nan, ya buɗe mota.

Yanzu ina Kaduna, ina jan motar wani zuwa Abuja in an samu. Babbar 'yata na cire ta daga makarantar da take na mayar da ita wata mai sauƙin kuɗi. Na yi nadama, kuma ba na ɗora wa kowa laifi, mutumin nan sau biyu yana yafe mini, ni ne ban yafe wa kaina zaman ɗaki ba. 'Yan'uwana da ke ƙasar mutane, musamman masu harkar ƙwallo, don Allah ku ji ni. Abin da ake kashewa da a yi haƙuri a unguwarku, a can rubuta shi ake yi a ajiye. Idan an dakatar da kai, ka dakata. Idan ka sa hannu a takarda, ka ɗauka da gaske ake, kuma idan babba ya tsaya maka kada ka kunyata shi. Ni Juma'a shida aka ce in zauna, na zauna huɗu, saura biyu kacal. A kan biyun nan na baro abincin gidanmu a Riyad.