Tsakar Makcik

Shekarun baya, lokacin da korona ta kulle mu a Kuala Lumpur, ina karatun digiri na biyu, ina zaune ni kaɗai a wani ɗan gida a saman bene a unguwar Pantai Dalam. Ƙofata tana kallon ta wata dattijuwa 'yar Malesiya, mijinta ya rasu. Makcik nake ce mata, wato gwaggo. Kullum ta gan ni sai ta tambaya ko na ci abinci, kuma ko na ce na ci sai ta miƙo kwano.

Wata safiya na ji hayaniya, na leƙa, sai ga ma'aikatan asibiti cikin fararen kaya za su tafi da ita. Tana haki ta wurgo min makullinta daga nesa, ta ce, "'Yata, akwai akwatin gilashi a falo. Ki kula min da ita. Ta ɗana ce."

Na san ɗan nata ya rasu a hatsarin babur tun kafin in zo ƙasar. Na ɗauka kifi ne. Bayan an yi wa gidan feshin magani na shiga, na leƙa akwatin, wallahi saura kaɗan in zunduma ihu. Tsaka! Rawaya, da ɗigo-ɗigon baƙi irin na damisa, da wutsiya mai kauri, tana kallona kamar mai murmushi.

Ni kuwa 'yar Kano ce. A gidanmu in tsaka ta gifta a bango, silifa ake nema. In ta faɗa tulu, har tulun sai an yi shawara a kansa. Ga ni yau na kinkimo ta cikin akwatinta zuwa ɗakina, ina ta a'uziyya.

Da mahaifiyata ta hango akwatin a bayana muna waya ta bidiyo, sai ta ajiye carbi. "Ke! Me nake gani? Karatun da aka tura ki ke nan, kiwon tsaka?" Na ba ta labari, na ce wannan ba irin ta bango ba ce, ko hawa bango ba ta iyawa. Ta ce, "To, amana ce. Amma kar ki kuskura ki taɓa ta, kuma ki rufe abincinki."

Na bi umarni. Da dogon cokali nake zuba mata tsutsa, bayan na barbaɗe su da farin garin ƙarfin ƙashi da na gani a gefen akwatin. Ina barin shimfiɗar lantarkin da ke ɗumama ƙasan a kunne. Kowace rana in ɗauki hotonta in tura wa Makcik a asibiti, ita kuma ta turo min alamar zuciya.

Sai tsabtata ta ja min. A cikin akwatin akwai wani ɗan kwano a kife mai ƙofa, cike da jiƙaƙƙen tishu. Na ce wannan ai ƙazanta ce, tsohuwa ta manta. Na kwashe, na goge, na bar shi a bushe ƙarau, har ina yaba wa kaina.

Ba a daɗe ba jikin tsakar ya yi fari fat. Ashe saɓa za ta yi, kuma danshin nan shi ke taimaka mata ta cire tsohuwar fata. Fatar ta maƙale a yatsunta ta ɗaure su tam, wata ta rufe mata ido ɗaya. Ta daina ci. Wutsiyar nan mai kauri ta fara ramewa. A daidai lokacin kuma jikin Makcik ya tsananta, aka sa mata iskar numfashi. Tsoro ya kama ni. Matar da ke fama da ranta, in ce mata abin da ɗanta ya bari ya mutu a hannuna?

Na yi ta juya wayar, daga ƙarshe na tura wa Makcik hoton yadda tsakar take. Da la'asar saƙon murya ya shigo, da ƙyar nake jin ta. "Ruwan ɗumi, kaɗan. Ki jiƙa ta. Ki cire da hannunki, a hankali. Za ki iya, 'yata."

Da hannuna! Na kira mahaifiyata ina kuka. Ina jiran faɗa, sai ta ce, "Jingina wayar in gani. Ki fara taɓa ruwan da gwiwar hannu, kamar na jariri. Yi bisimilla ki ɗauke ta."

Na ɗauke ta. Ba ta da santsi yadda na zata, taushi gare ta, ina jin numfashinta a tafin hannuna. Na jiƙa ta, na riƙa murza yatsun da auduga ɗaya bayan ɗaya, Umma na cewa, "Sannu-sannu, kar ki ja." Da fatar idon ta fita, ta buɗe shi, ta zaro harshe ta lashe. Na mayar da jiƙaƙƙen tishu inda na same shi. Ranar da ta cafke tsutsa, ni kaɗai na yi guɗa a ɗaki, na tura wa Makcik bidiyon.

Allah ya tashi kafaɗar Makcik. Ta dawo ta rame, tana dafa bango. Ko zama ba ta yi ba ta miƙo hannu, na ɗora mata tsakar. Ta ƙirga yatsun, duk suna nan. Ta ce bidiyon nan shi take kallo duk lokacin da ta ji ta gaji da numfashi, sai ta ce wa kanta dole ta koma gida. Muka tsaya a bakin ƙofa, kowa da takunkumi, muna ta hawaye.

Har yau ban zama mai son tsaka ba, kar ku ce na ce. Amma na san yadda ƙaramin abu yake riƙe mutum a duniya, kuma nakan yi kewarsu su biyun sosai. Da yammar ranar da na mayar da akwatin, Umma ta kira, ta ƙura wa teburin bayana ido, ta ga wayam. Ko gaisuwata ba ta amsa ba ta ce, "Ina 'yar taki? Ta dai ci abinci kafin ki kai ta ko?"