Baba Ɓargo da Zakaran Ɗori

Duk wanda ya taɓa miƙa wa kakana hannu a Gafasa ya san gaisuwarsa ba a tafin hannu take ƙarewa ba. Kai ka yi sallama, shi kuma ya riƙe tafin, ya zarce tsintsiyar hannu, ya matsa damtse, kafin ka ankara yatsunsa sun kai allon kafaɗarka suna lalube, yadda ake taya rago ranar kasuwa. Sai ya gama zai yanke hukunci: "Kai, wannan ba ɓargo." In kuwa ka taki sa'a ya ce, "To, da ɗan abin miya." Nan sunan ya samo asali. Hashimu iyayensa suka raɗa masa, amma har liman Baba Ɓargo yake ce masa.

Mahauci ne, kun sani, tun kafin a haifi mahaifina yake fawa. A wurinsa tsakanin mutum da akuya bambancin kaɗan ne. Yakan ce, "Akuya ta fi mu gaskiya. Ƙafa huɗu gare ta, ta yarda. Mu muka ɗaga biyu sama muka sa musu suna hannu, muna ta fankama."

Ni Rabi, jikarsa ta fari, Amarya yake kirana, ni kuma in ce masa tsohon ango. Ranar da Nura, wanda nake aure yanzu, ya zo daga Gaya gaishe shi, ina laɓe a bayan ƙofar zaure ina addu'ar Allah ya sa a tsaya a kafaɗa. Ina! Da ya gama da hannun sai na ji ya ce, "Ɗage wandon."

Nura ya ce, "Na'am, Baba?"

"Wandon na ce ka ɗage, in ga abin da zai ɗauki jikata."

Bawan Allah ya ɗage har gwiwa, gumi yana karyo masa. Tsohon nan ya ƙwanƙwasa ƙwaurin, ya murza idon sawu, ya ja agara, sannan ya ɗaga murya don ya san ina ji: "Amarya, da wannan za ki musanya ni? Ƙafa kamar karan dawar bara!" Ya gangara ya taɓa diddigen. "Amma diddigen a zaune yake. Mai irin wannan in ya tsaya a wuri ya tsaya. Na ba shi. Ki dinga zuba masa man shanu."

Samarin unguwa kuwa, duk wanda aka kwashe a filin ƙwallo wurinsa ake kawo shi a goye, yana kururuwa wai ya karye. Baba ko tashi ba ya yi daga kan buzunsa. "Rufe min baki! Targaɗe ne. Targaɗe shi ke da surutu. Karaya shiru take yi, sai gumi." In kuma ya taɓa ya ji abin ya wuce wasa, ba ya yarda ya ja ko ya murɗa, komai magiyar da za a yi masa. "Ni rabawa na iya, ban iya haɗawa ba. Ku kai shi inda ake haɗawa."

To, ranar da tasa ta zo, daga kasuwar Ajingi yake dawowa a bayan ɗan acaɓa, ya rungumo akuya a cinya, don ya rantse ba za a ɗaure ta a baya ta galabaita ba. Suka shiga yashi, babur ya zame ya danne masa ƙafar hagu. Waɗanda suka rugo sun ce sun tarar da shi zaune shiru, gumi sharkaf, akuya kuma ta tsinke ta nufi gonar mutane. Suka yi kansa, ya daka musu tsawa: "Ku kamo akuyar tukuna! Ita ba ta san hanya ba. Ƙafar ba inda za ta." Da aka kamo ta ya nuna ƙwaurinsa ya ce, "Ƙashi biyu ne a nan. Babban ya tafi, ƙaramin yana nan. Ku ɗauke ni a hankali."

Ni na tarye su a asibiti. Da aka ɗauki hoton ƙashin, likita ya ɗaga shi a haske yana nuna mana inda ya karye, haka yake kuwa, babban ne. Mu hankalinmu a tashe, shi tsohon sai washe baki yake.

"Wannan nawa ne? Masha Allahu! Likita, dubi kauri! Amarya, zo ki ga abin da kika bari kika bi karan dawa."

Likitan ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Baba, da ka yi boko da tare muke aikin nan."

"Kai ma da ka yi fawa da ka fi haka kumari."

Aka gyara ƙashin, aka naɗe ƙafar da siminti tun daga tafin sawu har saman gwiwa. Likita ya ja mana kunne, ya ce ranar da aka cire simintin lallai ya fara takawa kaɗan-kaɗan da sanda, don ƙafar tsoho in ta saba da kwanciya gaɓoɓin sandarewa suke yi, daga nan kuma sai yadda hali ya yi.

Baffa Sabi'u, ƙanen mahaifina da ke zaune a birnin Kano, ya zo dubiya ya kafa nasa sharaɗin. In an cire siminti Baba bai taka ba, zai tafi da shi birni gaba ɗaya, ya zauna a gidansa inda akwai masu ɗaga shi da kwantar da shi. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, kowa ya sani. Amma ranar na ga abin da ban taɓa gani a idon kakana ba, na ga tsoro. Da Baffa ya fita ya ce min a hankali, "Amarya, gidan nan nasa ko kukan akuya ba a ji. In suka kai ni can, gawata za su dawo da ita." Wallahi sai da na juya baya na share ido.

Kakata Iya Hansai kuwa ba ta yarda da siminti shi kaɗai ba. "Yo mutum gini ne?" in ji ta. Ta aika garin Balan aka ɗauko wani dattijo mai ɗori. Ya zo ya ga ƙafa a rufe ruf, ba inda zai sa hannu, ya ce ba komai, ai akwai na kaza. Ga waɗanda ba su san al'adar ba: akan samo kaza a karya mata ƙafa daidai inda mutum ya karye, a yi tofi a ɗora ta da kara da tsumma. Ranar da kazar ta taka, ranar mai karaya zai taka. Kafin nan kada ya kuskura ya sa ƙafa a ƙasa.

Baba ya yi tsalle yana zaune. "Ni da na ƙare rayuwata a kan dabba ban taɓa karya mai rai ba! Me kazar ta yi muku? Ita ta tuƙa babur ɗin?"

Iya ta ce, "Malam, kai dai ka yi shiru ka warke."

Kun san Iya Hansai. Jan zakaranta da take ji da shi, shi aka kama.

Daga ranar zakaran nan ya zama maigida. Aka sa shi a kwando a inuwar ɗakin Baba, ga gero, ga tsaki, ga ɓarzajjen ƙuli-ƙuli, ruwansa ma sai an tace. Masu dubiya su shigo su durƙusa, "Sannu Baba, ya mai jiki?" amma idonsu yana kan kwando. Wata maƙwabciya ta ce, "Ya dai ci abinci ko?" Baba ya ce, "Na ci, alhamdu lillahi." Ta ce, "A'a, zakaran nake nufi." Ya bi ta da kallo har ta fita, sannan ya juya ga kwandon ya ce, "Ranka ya daɗe, an gaishe ka."

Lokaci ya yi aka cire siminti. Ƙafar ta fito siririya, fatar ta yi fari tana saɓa, shi da kansa ya taɓa ya ce, "Wannan ko kyauta na ba mai tsire ba zai karɓa ba." Aka kwance wa zakara nasa karan. Gida ya taru ana jira ya miƙe. Gogan naku ya dubi jama'a, ya naɗe ƙafar a cikin gashi, ya gyara kwanciya, ya ci gaba da tsattsagar geronsa.

Shi ke nan, Iya ta ɗauke sandar da aka yanko wa Baba ta cilla kan rumbu. Da ya yunƙura zai tashi sai ta ɗora hannu a ka: "Wayyo ni Hansai, zai karya kansa a karo na biyu! Zakara bai taka ba!" Na tuna mata maganar likita, ta ce likita bai san zakara ba. Kwanaki suna tafiya, gwiwar Baba tana ƙara ƙagewa, zakara yana ƙara ƙiba. Labari ya kai birni. Baffa ya aiko cewa ranar Juma'a yana tafe da mota.

Na zo daga Gaya tun da hantsi don in haɗa masa kaya, ina ninke riguna ina haɗiye kuka. Mota ta tsaya a ƙofar gida. Baffa ya shigo da samari biyu da za su ɗauke shi, mata sun cika tsakar gida ana ta sallama. Baba yana kan buzunsa, zakaran kawai yake kallo, irin kallon da yake wa dabba a kasuwa. Can ya ce, "Amarya, miƙo min taɓaryar can."

Na miƙa masa. Ya zura hannu ƙarƙashin buzu ya zaro tsohuwar wuƙarsa ta fawa, ya soke ta a ɗamara. Ya dafa taɓarya, ya ce bismillahi, ya miƙe.

Iya ta saki salati. Baffa ya ce, "Baba, don Allah!" Tsohon nan ko kallonsu bai yi ba. Ya sa ƙafar hagu a ƙasa, fuskarsa ta yamutse, gumi ya tsattsafo masa, amma ƙafar ta ɗauke shi. Ya jawo ta dama. Ya sake sa ta hagu. Ya nufi kwando yana cewa, "Yau ni da kai ne, ɗan nema."

Jama'a, ban san abin da kaza take gani a fuskar mahauci ba. Zakaran nan da ake ta lallashi, da ya ɗaga kai ya ga wanda ke tafe, sai ya yi wani irin kuka, ya daka tsalle daga kwandon, ya zura a guje da ƙafafunsa biyu garau, ko ɗingishi babu! Tsakar gida ta kaure. Yara suna ihu, mata suna guɗa, zakara yana kewaya turmi, Baba yana bin sa da taɓarya, ƙwas, ƙwas, yana faɗin, "Kada wanda ya kama min! Nawa ne!" Zakara ya yi yunƙurin haye danga, ƙiba ta dawo da shi. Ya kutsa tsakanin rumbu da katanga ya maƙale. Nan Baba ya same shi.

Iya tana hawaye tana dariya. "Kun gani ko? Zakara ya taka, Malam ya taka! Ɗorin Balan ba ƙarya!"

"Ke Hansai, ji tsoron Allah! Wa ya riga wani?"

Wannan shari'ar har ya bar duniya ba su gama ta ba.

Shi ya yanka shi da hannunsa, yana tsaye. Da aka fige ya feɗe ƙafar, ya kira kowa ya zo ya gani. Inda aka karya ya haɗe har ya yi ƙulli, ya fi ɗayar ƙafar ƙwari. "Ku duba. Tun tuni ya warke. Ya ga ana kawo masa gero har gado, wane wawa ne zai tashi? Ni kuka hana ni tafiya saboda malalaci!"

Aka yi farfesu. Baba ya sa aka ƙunshe cinya guda a leda ya miƙa wa Baffa. "Ungo, ka kai wa birni. Iyakar ƙafar da zai samu daga Gafasa ke nan." Baffa ya karɓa yana dariya, idonsa ya kawo ruwa, ya durƙusa ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, Baba." Aka sauko da sanda daga kan rumbu, ni kuma na mayar da riguna cikin adaka. Motar ta koma yadda ta zo.

Ya yi shekaru bayan nan yana takawa, da ɗan ɗingishinsa, daga gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa rumfar mahauta inda yake zama yana kushe yankan yaran zamani. Daminar da ta wuce ya kwanta, kwanciyar da ba ta yi tsawo ba. A ɗakinsa ya cika, awakin Iya suna kuka a turke, mutanen garinsu suka ɗauke shi a kafaɗa zuwa makwancinsa. Abin da ya roƙa ke nan, kuma ya samu.

Ina kewarka, tsohon ango. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya yalwata kabarinka. Ƙafar nan da ka ƙi yarda ta kwanta, Allah ya tabbatar da ita a kan siraɗi, ya sa ka taka da ita har cikin Aljanna. Amin.