Fentin da na shafa wa jirgin da ya kashe Yaya Awudu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne Yaya Awudu, ko in ce da muka binne abin da muka tsinto. Ni ba mai ilimi ba ne, fentin mota nake yi a unguwar Aboabo, don haka ku karanta da haƙuri.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Soja ya yi, can ya koyi gyaran jirgin sama. Da ya ajiye kaki sai wani Alhaji mai gonakin shinkafa ya ɗauke shi ya kula da ƙaramin jirginsa mai kujera huɗu. Jirgin ya girme ni. Wata rana Yaya ya ga farin garin tsatsa a inda fiffike ya haɗu da jiki, da wata tsaga siririya kamar gashi. Ya ce sai an buɗe fiffiken, an kawo masu na'urar duba cikin ƙarfe daga Ankara, babban birnin ƙasarmu, jirgi ya zauna ƙasa wata da watanni. Alhaji ya ce kuɗin zai sayi tifa. Yaya ya ce, "Sai ka hau tifar ka tashi, Alhaji."

Da Yaya ya tafi Kumasi gaisuwar mutuwa, Alhaji ya aiko a kira ni, don ni ke fentin motocinsa. Ya ce, "Mumuni, gyara masa fuska kawai, kamar yadda kake yi wa lori." Abin da na sani na yi. Na goge, na cike tsagar da fota, ƙullun da muke toshe ramin jikin mota da shi, na sake gogewa, na fesa fari. A wurinmu tsatsar da ido bai gani ba ta warke.

Yaya ya dawo, aka nuna masa takarda mai hatimi, wai mutanen Ankara sun zo sun gama. Ya shafa wurin da tafin hannu, sumul. Ya juyo ya ce, "Kai ma ka gan su?" Na ce, "Na gan su, Yaya." Alhaji yana tsaye, kuma rabin abincina a hannunsa yake.

Yaya yana da doka: jirgin da aka taɓa, ba ya barin direban jirgin ya gwada shi shi kaɗai. Ya shiga ya zauna gefensa. Ina kallo suka tashi, suka yi kwana ta bayan Kalpohin. Fiffiken ya ɓalle ya yi nasa wuri, jirgin ya riƙa juyi har ya daki ƙasa cikin gonar masara. Ba wanda ya wanke gawa. A buhun taki muka zuba su, shi da direban, ba mu san naman wa ke na wa ba. Hannun Yaya na dama kaɗai na gane, a kan reshen kaɗanya na ciro shi.

Ranar sadakar uku Alhaji ya zo yana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na ɗauko sifanar taya na sauke masa a muƙamuƙi. Haƙoransa suka zube a kan tabarma, na ƙara masa a kafaɗa kafin a danne ni. Na yi zaman gidan yari. Na fito, unguwa tana kirana namiji. Alhaji ya mutu bai tona ni ba, don tona ni tona kansa ne. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Yanzu ina jin masu ƙananan jirage na kuka, wai binciken da ake nema a kan tsofaffin jiragensu ya fi ƙarfin aljihu, wai jirgi na tashi lafiya shekara da shekaru. Namu ma lafiya yake tashi har ranar. Da Yaya na nan ba zai yi dogon wa'azi ba. Cewa zai yi, mai jirgi ya ɗauko ɗansa na fari ya zaunar a gaba, sannan ya sake lissafi. Ku buɗe fiffiken, ko ku sayar wa 'yan gwangwan. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Me ya rage na Yaya? Ba gida, ba mota. Yaran da ya koya wa aiki har yau ba sa sa hannu kan abin da idonsu bai gani ba. Sai matarsa, Adiza, a Nyanshegu, wadda duk Juma'a take aiko mini da tuwo da miyar ayoyo, tana cewa ni kaɗai na tsaya wa mijinta. Shekarun nan duka ina ci.

Ba ta karatu, amma ɗanta na karanta mata jarida. Ba zan bari ta ji daga bakinsa ba. Ina miƙa wa masu jarida wannan rubutu zan hau babur in je in durƙusa a tsakar gidanta in faɗa mata da bakina. In taɓarya ta ɗauko, ba zan kare kaina ba.

Allah ya jiƙan Yaya da direbansa. Ni kuwa kada kowa ya sake kirana namiji.