Barau da Amfilifayar Luke

Katanga ɗaya ce ta raba shagona na ɗinki da shagon Malam Barau mai gyaran rediyo, a bakin kasuwar Birnin Kudu, dab da ƙaramin masallacin da mu 'yan kasuwa muke salla. Abin da zan faɗa a kansa, ko dai a gabana aka yi, ko daga bakinsa na ji. Na gaji da sauraron waɗanda ba su taɓa zama da shi ba suna cewa ai mutumin kirki ne, sai dai ya ɗan taɓa kiɗa. Barau ko tafi bai iya ba.

Asalinsa mutumin Kangire ne, ɗan malami. Ya sauke Alƙur'ani, ya yi karatun littattafai, sannan ya tafi Kano ya koyi gyaran rediyo. Ya dawo gab da samun 'yancin kai, lokacin da duk mai ɗan hali yake son rediyo a zaurensa. Gari babu lantarki sai inda ake da inji, don haka ya sayi ɗan injin wuta yana yi wa mutane cajin batir, ƙarfen liƙinsa kuwa a garwashi yake gasa shi. Dogo ne, mai sanyin murya, mai kunya har ta yi yawa. In rediyon da yake gyarawa ya faɗa tashar waƙa, sai ka ga ya yi wuf ya murɗa, yana waige ko wani ya ji. Saboda karatunsa da wannan natsuwar, duk ran da liman bai samu fitowa ba, shi ake turawa gaba ya ja salla. Bai taɓa faɗa ba, amma na san babu abin da yake ji da shi a duniya kamar wannan tsayuwar.

Luke kuwa makanike ne a wurin masu aikin hanya, mutumin gabas, Kirista. Yana zaune a garin da matarsa Eunice da 'yarsu ƙarama Justina. Hausa ta zauna a bakinsa sosai, ga barkwanci. Yana da jita mai aiki da lantarki, da amfilifayarta: wani akwati mai nauyin tsiya, sifika a gaba, a baya kuma kwalaben gilashi da suke yin ja idan sun ɗauki wuta, waɗanda masu gyara ke kira bawul. Da ita yake kiɗa a cocinsu ran Lahadi, da kuma in ma'aikata suna biki.

Wata rana ya kinkimo akwatin a bayan keke ya dire a ƙofar Barau. Ya ce an gayyace shi Gwaram bikin sallamar wani malamin makaranta, kiɗa ya yi daɗi, sai akwatin ya ɗauki zafi har ba a iya dafa shi, sauti ya fara shaƙewa kamar ana magana a cikin tulu, daga nan ɗif. Da ya huce sai ya dawo garau. Kunyar da ya sha a gaban mutane, in ji shi, ta fi gaban faɗa.

Barau ya buɗe bayan akwatin, ya duba, ya canja bawul ɗaya da ya ga ya yi duhu. Sannan ya rufe ƙofar shago, ya kunna, ya rage murya har ƙasa, ya ɗan taɓa tsirkiyar jitar da ɗan yatsa. Ni da nake jingine da katangar da kyar na ji wani abu. Ya bar amfilifayar a kunne tsawon hantsi ba ta mutu ba, ya ce wa Luke ta gyaru. Ba a yi nisa ba akwatin ya dawo. Wannan karon Barau ya tarar zanzaro ya yi gini a ramukan shan iska, ya kankare, ya goge ƙafafun bawul ɗin, ya sake gwajinsa na ɓoye, ya sake cewa ta gyaru. Sai ta mutu a tsakiyar ɗaurin aure a coci, amarya da ango suna tsaye.

Na zaci Luke zai zo da faɗa. Bai yi ba. Ya ajiye akwatin, ya jingina jitar a gefensa, ya share gumi.

"Malam Barau," ya ce, "ciwon nan ba ya fitowa sai an buɗe mata murya, ta daɗe tana ruri. Kai kuma raɗa kake yi mata."

Barau ya sunkuyar da kai, don ya san gaskiya ce. Ya kuma san abin da gaskiyar take nema a wurinsa. A garinmu kiɗa yana da masu shi, gado ne, kuma ba a haɗa shi da jan salla. A ji ƙarar jita tana tashi daga shagon ɗan malam, a jikin masallaci, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sannan Barau ya ɗago kai.

"Bar ta," ya ce. "Ba zan sake ce maka ta gyaru ba sai ka ji da kunnenka."

Akwatin yana kwance a buɗe a kan teburinsa aka shiga shekarar rikicin nan, da mutanen gabas suka kwashi iyalansu suka bar arewa. Mu muka taya Luke ɗora kaya a mota, da safe. Babu wurin akwati, mutane ma a tsaye suka tafi. Luke ya ce wa Barau ya riƙe masa har ya dawo. Daga nan yaƙi ya ɓarke, labari ya yanke.

Ni mutum ne mai son a taƙaita wahala. Na ce masa ya mayar da murfin ya ɗaure, ya ajiye a lungu. Amanar ajiya aka ba shi, ya ajiye, shi ke nan. Ya ce ba ajiya kaɗai ba ce, gyara aka kawo, kuma ya yi alkawari. Na ce to ni in kaɗa masa, tela ba shi da abin da zai rasa. Ya ce ba zai jawo mini magana a kan abin da shi ya ɗauka da bakinsa ba. Haka Barau yake, sanyi kamar ruwan randa, amma in ya kafe ko jaki ya san da zamansa.

Da aka gama girbi, sai ya ɗora injin wutar da akwatin da jitar a amalanke, ya nufi gonarsa ta Kangire, can nesa da gidaje. Ya tayar da inji a gindin tsamiya, ya murɗa muryar har ƙarshe, ya dinga dukan tsirkiya da hannu ɗaya, ba waƙa ba tsari. Ya ce da farko shi kansa sai da ya tsorata da ƙarar. Da akwatin ya gasu, sai ga ciwon ya fito a gabansa, karo na farko. Bawul ɗaya ya yi jajir fiye da ɗan'uwansa, sauti ya shaƙe, ya ɗauke. Ya ɗauki mafici yana fifita gefe ɗaya, ya saurara, ya koma ɗaya gefen. Da ya fifita gindin bawul ɗin nan, sai sautin ya farfaɗo. Ya karyo busasshen karan dawa, don wutar lantarki ba ta bin kara, ya dinga ƙwanƙwasa wayoyin wurin ɗaya bayan ɗaya, har ya taɓa wadda ta yi ƙara. Dalmar da aka liƙe ta da ita ce ta tsage, tsaga siririya kamar gashi. In da sanyi tana haɗe, in zafi da girgizar sifika suka haɗu sai ta buɗe. Kusa da ita wata 'yar rasista, mai rage ƙarfin wuta, ta ƙone ta yi baƙi, ita ta sa bawul ɗin yake cin wuta fiye da ƙima. Sai da ya je Kano ya samo irinta, ya liƙe, ya sake komawa gonar ya gwada, ya kuma komawa, har ya gamsu.

Gona ba ɗaki ba ce. Mata masu itace sun ji, makiyaya sun gani. Kafin ya gama zirga-zirgarsa magana ta iso kasuwa, wai ɗan malam yana zuwa daji yana kiɗan jita shi kaɗai. Abin da har gobe yake ƙona mini rai shi ne, babu wanda ya tako ya tambaye shi. Da sun tambaya da ya faɗa musu. Ran da liman ya yi rashin lafiya, aka tayar da iƙama, sai kawai wani ya wuce gaba, sauran suka dubi ƙasa. Barau ya gyara tsayuwarsa a sahu ya yi kabbara. Da muka fito na fara zage-zage, ya ce in yi shiru, su ma addininsu suke karewa. Amma ranar bai taɓa abincin da aka kawo masa ba.

Yaƙi ya ƙare, mutanen gabas suka fara dawowa, Luke bai dawo ba. Kuɗin mai ya shigo, rediyoyi ƙanana marasa bawul suka cika kasuwa, kaset ya zo. Akwatin yana nan a kusurwa, lulluɓe da tsohon zane. Lokaci-lokaci Barau yakan kunna shi ƙasa-ƙasa ya ɗan ɗumama, ya ce irin waɗannan in suka daɗe a kwance mutuwa suke yi. Masu son saye sun zo, ya ce ba nasa ba ne. A shekarun nan ne kuma kowane masallaci ya so lasifika, kuma babu wanda ya iya haɗa ta kamar shi. Ya haɗa a Wurno, ya haɗa a Sara, ya haɗa a Gwaram, ya haɗa a namu, bai karɓi ladan aiki ba. A hankali tsohuwar magana ta kwanta. Liman ya tsufa, gemun Barau ya yi fari, aka wayi gari shi ke jan mu kusan kullum. Na yi masa murna ƙwarai, don na ga yadda fuskarsa ta sake.

Ana nan wata ranar kasuwa da hantsi, wata mata ta tsaya a ƙofar shagona tana tambayar mai gyaran rediyo. Sai da ta ambaci sunana na gane Eunice ce. Barau ya fito, suka gaisa, ya tambayi maigida. Ta ce Luke bai ga ƙarshen yaƙin ba. Barau ya zauna a kan benci, ya yi mata ta'aziyya. Ta ce yanzu tana sayar da atamfa a Kano, Justina za ta yi aure, kuma ba ta da wani abu na ubanta ko ɗaya. Shi ya sa ta zo, ko Allah ya sa kayan suna nan. Motar da ta kawo ta za ta juya bayan azahar.

Ya yaye zanen. Ta dafa akwatin. Sai na ga ya jawo injin wuta waje yana duba mai. Na gane abin da yake shirin yi. Babu lokacin zuwa gona, kasuwa ta cika maƙil, ga masallaci. Na matsa kusa na ce masa ya rufa wa kansa asiri, wanda aka yi wa alkawarin ya riga mu gidan gaskiya. Ita ma ta ce ba sai an gwada ba, ta yarda da maganarsa.

"Maman Justina," ya ce, "sau biyu mijinki ya yarda da maganata, sau biyu ya ji kunya a gaban mutane. Na ce masa sai ya ji da kunnensa. Kunnenki ne ya rage."

Ya buɗe ƙofar shagon duka biyu, ya tayar da inji, ya jira kwalaben suka yi ja. Ya rataya jitar a wuya, a kan farar rigarsa, ya murɗa muryar har ƙarshe, ya daka.

Ban taɓa jin mummunan kiɗa irin wannan ba, ban kuma taɓa jin abin da ya karya mini zuciya kamarsa ba. Kasuwa ta tsaya cak. Masu awo suka bar mudu a cikin hatsi, dattawan da ke inuwar masallaci suka miƙe suna kallo. Bai dubi kowa ba. Ya yi ta duka, gumi yana bin gemunsa, rana tana hawa. Eunice tana tsaye, tafinta a kan akwatin, har zafi ya sa ta ɗauke ta mayar da ɗaya hannun. Na ga tana karkata kai tana jira, don ta san daidai inda muryar take shaƙewa, ta sha ji a coci. Wurin ya zo ya wuce, sautin yana nan garau. Ta ƙara jira. Sannan ta zauna a dandamalin shagona, ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna girgiza.

Bai tsaya ba sai da ladan ya kira azahar. Ya kashe inji, ya bar akwatin ya huce, ya naɗe shi da jitar, muka kai su tasha muka ɗora. Da muka dawo an kusa tayar da salla, liman kuma bai fito ba. Barau ya yi alwala, ya shiga. Mutane suka ɗan dare, ba su san abin da za su yi ba. Bai bari sun sha wahalar yanke shawara ba. Ya wuce sahun baya, kusa da inda ake ajiye takalma, ya tsaya. Na bar wurina na je na tsaya kusa da shi, kuma a nan muka ci gaba da salla har Allah ya karɓi ransa.